Shin haddace ɗafa-ƙeyar Turanci yana ƙara wa mutum kalmomi da gaske?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu shirin WAEC da JAMB, wai duk wanda ya haddace 'yan guntayen da ake liƙa wa ƙarshen kalmar Turanci, irin su -tion da -ness da -able, kamar guda 20, zai iya gane ma'anar kowace kalma ba sai ya buɗe ƙamus ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, da waɗanne ya kamata a fara, kuma ta yaya?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam. A nazarin ƙirar kalma ɗafa-ƙeya muke ce musu, na gaban kalma kuma ɗafa-goshi, abin da ake liƙa wa shi ne saiwa. Maganar da ka ji rabinta gaskiya ne. Abin da ɗafa-ƙeya ke faɗa maka da tabbaci shi ne ajin kalmar: suna ce, aikatau ce (kalmar aiki), sifa ce ko bayanau (kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki). Ma'anar tana cikin saiwa. Idan ka ga procrastination, -tion zai gaya maka cewa suna ne na wani aiki ko hali, amma ba zai gaya maka cewa jan ƙafa da ɗage aiki ake nufi ba. Amfanin yana fitowa ne idan ka riga ka san saiwar. Ka san decide, to decision da decisive da decisively sun zo hannunka a arha. Kalma ɗaya ta haifar maka uku.

Ka fara da masu gina suna, don su suka fi yawa a rubutun jarida da na makaranta. -tion da -sion da -ment suna ɗaukar aikatau su mayar da shi suna: educate, education, develop, development. -ness da -ity suna ɗaukar sifa su mayar da ita suna: kind, kindness, able, ability. -er da -or mai yin aikin ne. Waɗannan bakwai kaɗai za su ɗauke ka mako biyu in za ka yi su da kyau.

Ummu_Hafsa:
Malam ya yi daidai. Abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibi shi ne ya lura cewa Hausa ma haka take yi, ba baƙon abu ba ne. Aboki, abokantaka: shi ne friend, friendship. Yaro, yarinta: child, childhood. Shugaba, shugabanci: leader, leadership. Mugu, mugunta: wicked, wickedness. Inda muka bambanta shi ne mai aiki. Mu a gaba muke sa alamarsa, manomi, maɗinki, marubuci, su kuma a ƙeya, farmer, writer. Haka -ish na reddish da whitish, mu ninkawa muke yi, ja-ja, fari-fari. Yaron da aka nuna wa wannan a rana ta farko ba ya ƙara jin tsoron darasin.

ƊanZazzau:
Kuma tuni -er ɗin nan ya shigo bakinmu ba mu ankara ba. Direba, lauya, kafinta, birkila, fasinja, janareta, kwandasta. Turawan Ingila ba sa furta r na ƙarshe, shi ya sa ya zamar mana -a.

Mai_Alli:
Ina son in ja hankali kan -er kafin a wuce, don a nan ɗalibai ke yawan faɗuwa. Ba kullum yake nufin mutum ba. Cooker murhu ne ko tukunyar lantarki, mai girki cook ne kawai. Printer, heater, charger, duk na'urori ne. Sannan akwai -er na kwatanci, taller, faster, wanda ba shi da alaƙa da wancan. Sannan akwai kalmomin da -er ɗin jikinsu ne, ba liƙawa aka yi ba: water, corner, number, finger. Gwajin mai sauƙi ne. Cire guntun ka ga abin da ya rage. In abin da ya rage kalma ce mai ma'anar da ta dace da ta farko, ɗafa-ƙeya ne. In ka cire -er daga corner ka samu corn, masara, ka san ba a nan take ba.

Abokin tafiyarsa -ee ne, wanda aikin ya faɗa wa. Employer ya ɗauki aiki, employee aka ɗauka. Trainer da trainee, interviewer da interviewee, payer da payee a takardar banki. Amma escapee shi ya tsere da kansa, retiree shi ya yi ritaya, don haka ko nan dokar ba ta cika ba.

Mai_Neman_Sani:
Na gode malamai. To ta yaya ake sanin inda za a sa -tion da inda za a sa -sion? A rubutu nan ne ake yawan rikicewa.

Malam_Nahawu:
Ka dubi ƙarshen aikatau. In ya ƙare da -d ko -de, galibi -sion ne: extend, extension, divide, division, conclude, conclusion, explode, explosion. In ya ƙare da -mit, sai ya koma -mission: permit, permission, admit, admission, submit, submission. In ya ƙare da -ss, -ion kawai za ka ƙara: discuss, discussion. Masu -ate galibi -ation ne. Masu -ify suna komawa -ification: qualify, qualification, classify, classification, sai satisfy da ya bauɗe ya zama satisfaction. Masu -ceive suna komawa -ception: receive, reception, deceive, deception. Masu -scribe, -scription. Masu -sume, -sumption: assume, assumption, consume, consumption.

Akwai na uku mai irin wannan sautin, wato -cian, kuma shi mutum ne mai sana'a, daga kalma mai ƙarewa da -ic ko -ics: musician, electrician, politician, technician. In mutum ake nufi, c ne.

Sai a kiyaye intend da attend, sun ƙare da -d amma intention da attention suka bayar. Waɗannan haddace su ake yi.

Tafinta_Kano:
Duk abin da aka faɗa a kan rubutu ne, amma babbar ribar ɗafa-ƙeya a wajena tana cikin furuci, kuma ita ce ake mantawa. Hausa da karin sauti take aiki, Turanci kuwa da nauyin da ake ɗora wa gaɓa ɗaya a kalma. A takardar furuci ta WAEC da kuma JAMB ana tambayar wannan kai tsaye, kuma ɗafa-ƙeya ne ke ba da amsa a mafi yawan lokuta. Kashi uku ne.

Na farko ba sa taɓa nauyin: -ness, -ful, -less, -ly, -ship, -hood, da -ment a yawancin kalmomi. HAPpy, HAPpiness. deVElop, deVElopment.

Na biyu suna jawo nauyin zuwa gaɓar da ke gabansu daf: -tion, -sion, -ic, -ical, -ity, -ian, -ious. EDucate amma eduCAtion. eLECtric amma elecTRIcity. Misalin da kowane malami ke so shi ne PHOtograph, phoTOgrapher, photoGRAphic, saiwa ɗaya, nauyi uku.

Na uku su suke ɗaukar nauyin da kansu: -ee, -eer, -ese, -ette. refuGEE, engiNEER, JapaNESE.

Sai aikatau masu -ate da suka kai gaɓa uku ko fiye, nauyin yana kan gaɓa ta uku in ka ƙirgo daga baya: EDucate, comMUnicate, inVEStigate. A Najeriya an saba danna ta ƙarshe, kuma mai jarrabawa ya san haka, shi ya sa yake saka su.

Malama_Turanci:
Allah ya saka wa Tafinta. Ƙari kaɗan: a cikin masu -ic akwai 'yan tawaye da ya kamata a rubuta a gefe. ARabic, CATHolic, POlitics, RHEtoric, LUnatic. Kuma comMITtee ba ya bin dokar -ee. AdVERtisement a furucin Ingila shi ma ya saɓa wa abin da aka faɗa kan -ment.

Wani abu kan -ate: rubutu ɗaya ne amma furuci biyu. Graduate in aikatau ne ana jan ƙarshen, in suna ne ana gajarta shi. Haka separate, estimate, delegate.

Ba_Damagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi boko da Faransanci, wannan darasin ya fi sauƙi ƙwarai, domin bayan Normandiyawa sun ci Ingila a 1066 Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a a can, kalmomi masu yawa suka shiga Turanci da ɗafa-ƙeyarsu. Nation, information, rubutu ɗaya ne. -ité ya zama -ity, -eux ya zama -ous, -ique ya zama -ic, -isme da -iste suka zubar da e. Université, university. Dangereux, dangerous.

Tarkon guda biyu ne. Na ɗaya, -ment a Faransanci yana gina bayanau, rapidement, lentement, a Turanci kuwa -ly ke wannan aikin, -ment suna yake ginawa. Na biyu, kamanceceniyar rubutu ba ta nufin ma'ana ɗaya. Sensible a Faransanci mai saurin jin abu ne a jiki ko a zuciya, wato sensitive a Turanci. Sensible na Turanci mai hankali ne. Actuellement a halin yanzu ne, actually kuwa a gaskiya ne.

ƊanZazzau:
Tunda an zo nan, harafi ɗaya ne ya raba mu a Turanci: Nigerian ɗan Najeriya, Nigerien ɗan Nijar. Na ƙasashe ba su da doka, Ghanaian, Chadian, Cameroonian, amma Sudanese, Togolese, sai Iraqi, Pakistani. Mu namu ya fi tsari, Ba- a gaba, -awa a jam'i.

Ɗan_Gardama:
Ni fa ban yarda da wannan hanya gaba ɗaya ba, kuma ina ganin tana cutar da ɗalibi. Da zarar ka ce masa -less rashi ne, zai karanta priceless ya ce abu marar daraja, alhali abin da ya fi ƙarfin kuɗi ake nufi. Worthless shi ne marar daraja. Ka ce masa -ful da -less kishiyoyi ne, careful da careless sun tafi daidai, sai ya zo shameful da shameless, duka biyun zagi ne, ɗaya abin kunya, ɗaya marar kunya. Ka ce masa -ly bayanau ne, sai ya rubuta he spoke friendly, alhali friendly, lovely, costly, cowardly, lonely duk sifofi ne. Mafi muni hardly. He works hard yabo ne, he hardly works kuwa da ƙyar yake taɓa aikin. Late da lately, near da nearly, duk haka. Gara a bar yaro ya yi ta karatu yana haɗuwa da kalmomi a cikin jimla.

Malam_Nahawu:
Ɗan'uwa, misalanka duk gaskiya ne, amma hukuncin ya yi tsauri. Na -ly ma yana da doka, ba a cika koyar da ita ba ne. Dubi abin da aka liƙa masa. In an liƙa shi a sifa, bayanau ne: quick, quickly. In an liƙa shi a suna, sifa ce: friend, friendly, cost, costly, coward, cowardly. Daily, weekly, monthly suna aiki biyun. Wanda ya san wannan ba zai rubuta spoke friendly ba, zai ce in a friendly way. Su hardly da lately kuwa ba su da yawa, a shafi ɗaya za a tara su.

Karatu mai yawa ba mai jayayya da shi. Amma mai karatun da ya san ɗafa-ƙeya yana tsayawa sau biyu a shafi, wanda bai sani ba yana tsayawa sau goma.

Ɗan_Gardama:
To Malam, economic da economical fa? Historic da historical? Respectable, respectful, respective? Considerable da considerate? Industrial da industrious? Saiwa ɗaya, duka sifofi, wace doka ce za ta raba su?

Malama_Turanci:
A nan Ɗan_Gardama ya fi gaskiya, babu doka, bibbiyu ake koyonsu. Economic abin da ya shafi tattalin arziki, economical mai tsimi, kamar injin da ba ya shan mai. Historic abin da ya kafa tarihi, historical duk abin da ya shafi zamanin da ya wuce ko da ba shi da muhimmanci. Respectable wanda ake ganin girmansa, respectful mai ladabi, respective kowa da nasa. Considerable mai yawa, considerate mai lura da halin wasu. Industrial na masana'antu, industrious mai ƙwazo. Childish zargi ne, childlike yabo ne. Continuous ba yankewa, continual yana yankewa yana dawowa.

Amma akwai guda da ke da doka tsaf kuma ake yawan kuskurensa, -ed da -ing. Mai -ing shi ke jawo abin, mai -ed shi abin ya sama. The lesson is boring, the pupils are bored. Wanda ya ce I am boring ya ce shi ne ke gundurar mutane. Haka interested da interesting, confused da confusing, tired da tiring.

Jami'ar_Jinya:
Wannan gardama ta danganta da fagen da mutum yake. A harshen asibiti da kimiyya, inda aka gina kalmomin da gangan daga Girkanci da Latin, maganar da Mai_Neman_Sani ya ji ta kusa zama gaskiya ɗari bisa ɗari. -itis kumburi ne: hepatitis na hanta, arthritis na gaɓoɓi, meningitis na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wato sanƙarau. -ectomy yanke abu a cire, -otomy tsagawa kawai, -ostomy buɗe ƙofa a bar ta. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu amma aikin tiyata uku ne daban. -aemia jini, -uria fitsari, -algia ciwo, -logy fanni, -logist masanin fannin, -scope abin dubawa, -gram hoton ko rubutun da aka samu. A kimiyyar sinadarai -ose sukari ne, glucose, lactose, -ase kuwa galibi sinadarin da ke narkar da wani abu ne, kamar lactase da ke narkar da lactose. -cide kisa: insecticide, herbicide, wanda manomi ma yana amfana da saninsa a jikin kwalba, don kada ya sayi na ciyawa yana neman na ƙwari.

Mai_Alli:
Bari in dawo kan rubutu, don a nan maki ke zubewa. Dokoki huɗu ne ke riƙe da mahaɗar saiwa da ɗafa-ƙeya.

E na ƙarshe da ba a furtawa yana faɗuwa in guntun ya fara da wasali, yana zama in ya fara da baƙi: use, usable, amma useful, excite, exciting, amma excitement. Sai dai bayan c da g ana barinsa gaban -able da -ous don kada sautin ya taurare: noticeable, manageable, courageous. 'Yan tawayen su ne argument, truly, duly, wholly, ninth.

Y da baƙi ke gabansa yana komawa i: happy, happiness, beauty, beautiful, rely, reliable. In wasali ke gabansa ba ya motsi: enjoyment, employer. Gaban -ing ma ba ya motsi: studying.

Ninka baƙin ƙarshe yana bin nauyin da Tafinta ya yi bayani. In nauyin na kan gaɓar ƙarshe, a ninka: beGIN, beginner, ocCUR, occurrence. In ba a can yake ba, a bari: Open, opener. Refer ya nuna duka biyun: reFERral da r biyu, REference da r ɗaya, don nauyin ya ƙaura.

-ful l ɗaya gare shi kullum. Careful, successful, handful. L biyu na carefully ya zo ne don an ƙara -ly. Masu -ic kuma -ically suke ɗauka ko da babu -ical: basically, automatically, sai publicly.

Akwai kuma waɗanda saiwar kanta ke rage harafi: pronounce amma pronunciation, maintain amma maintenance, explain amma explanation, curious amma curiosity, humour amma humorous.

Ummu_Hafsa:
Mai_Alli, ba ka taɓo -able da -ible ba, kuma ita ce tambayar da ba a rasa ta a aji.

Mai_Alli:
Haka ne Hajiya. In abin da ya rage cikakkiyar kalma ce, galibi -able: readable, comfortable, acceptable. In guntu ne da ba ya tsayuwa shi kaɗai, galibi -ible: visible, audible, possible, edible. Gwaji na biyu ya fi wannan kaifi. Nemi sunan da ke cikin dangin. In -ation ne, to -able: admiration, admirable, irritation, irritable. In -ion ne kai tsaye, to -ible: permission, permissible, division, divisible, digestion, digestible. Duk sabuwar kalma ta zamani -able take ɗauka, downloadable, clickable, don -ible ya daina haihuwa. Haka -ance da -ence suna bin sifarsu: important, importance, different, difference.

Sabon_Shiga:
Don Allah organise ne daidai ko organize?

Tafinta_Kano:
Duka biyun. Amurka -ize kaɗai take rubutawa. A Ingila -ise ya fi yawa a jaridu, amma madaba'ar Oxford -ize take bi, don asalinsa na Girkanci da z yake. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen rubutun. Wanda ya zaɓi -ise ya fi samun sauƙi, domin akwai kalmomin da ko a Amurka ba sa karɓar z: advertise, advise, exercise, supervise, surprise, revise, compromise. Analyse na Ingila ne, analyze na Amurka. Aikin guntun shi ne mayar da abu ya zama kaza, modern, modernise, kamar -ify a simplify da -en a widen, shorten, strengthen.

Ɗan_Gardama:
Ga wata illar kuma, ƙirƙirar abin da babu. Installmentally ya cika takardun ofis a Najeriya, Bature kuwa in instalments yake cewa. Mutum ya koyi doka sai ya ɗauka kowace saiwa na karɓar kowane guntu. Arrive ba ya ba da arrivement, arrival ne. Refuse, refusal. Ba dalili, haka aka gada.

Malama_Turanci:
Gaskiya ne, shi ya sa doka ta ganewa ce, ba ta ƙirƙira ba. In kana karatu yi amfani da ita ka yi hasashe, in kana rubutu duba ƙamus ka tabbatar kalmar tana nan. Sai dai abin da jama'a suka daɗe suna faɗa yakan samu shiga. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, cikinsu har da severally da ma'anar sau da yawa, da bukateria, da Kannywood. Amma a takardar jarrabawa several times za ka rubuta, don a daidaitaccen Turanci severally ɗaiɗai yake nufi, kowa da nasa.

Mai_Neman_Sani:
Na ƙaru sosai. Amma har yanzu tambayar farko: a aikace yaya zan tsara karatun?

Malam_Nahawu:
Sami littafin rubutu ka tsaga kowane shafi gida huɗu: aikatau, suna, sifa, bayanau. Kowace rana saiwa biyar, ba fiye ba, kuma ka ɗebo su daga abin da ka karanta a ranar. Succeed, success, successful, successfully. Compete, competition, competitive, competitively, ka ƙara competitor a gefen suna. Gidan da ƙamus bai ba ka kalma ba ka bar shi fanko, kada ka cike da ka. Ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa, ka furta da ƙarfi. Sannan jimla ɗaya ga kowace kalma, taka ta kanka. Ranar Juma'a kada ka ƙara sabo, rufe gida uku da hannu ka gwada fito da su daga na huɗun. Kwana shida sau biyar saiwa 30 ke nan a mako, kalmomi kusan 100.

In kana neman inda za ka samo saiwoyin da suka fi amfani ga karatun jami'a, akwai jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, dangi 570 ne, kuma a dangi-dangi aka tsara shi.

Jami'ar_Jinya:
Ga mai shirin makarantar jinya ko likitanci ni juya tsarin zan ba shi shawara ya yi, shafi ɗaya ga kowane ɗafa-ƙeya, sai ya riƙa tara saiwoyin sassan jiki a ƙarƙashinsa: hepat- hanta, nephr- ƙoda, gastr- ciki, cardi- zuciya, derm- fata.

Ɗan_Gardama:
Littafin gida huɗun na yarda da shi, don jimla na ciki. Amma saiwa biyar a rana sun yi yawa ga ɗan aji ɗaya na babbar sakandare da ke da darussa tara a kansa. Uku sun isa, in dai daga labarin da ya karanta ya ciro su ba daga jeri ba.

Sabon_Shiga:
Malamai, -ship da -hood da -dom fa? Na ga duka ukun kamar abu ɗaya suke nufi.

Ummu_Hafsa:
Sun yi kusa, duka ukun na tsohon Turanci ne tun kafin shigowar Faransanci, kuma a jikin suna ake liƙa su galibi. -hood ya fi karkata ga matakin rayuwa ko matsayi: childhood, motherhood, adulthood, sai neighbourhood da ya koma sunan unguwa. -ship dangantaka ne ko muƙami ko gwaninta: friendship, chairmanship, craftsmanship, sai scholarship da ke nufin zurfin ilimi da kuma tallafin karatu. -dom yanki ne ko hali: kingdom ƙasar da sarki ke mulka, kingship sarautar kanta, freedom, wisdom, boredom. Kalmomin -dom da ake amfani da su yau da kullum ba su da yawa, shafi ɗaya na littafin Malam zai ɗauke su.